Talatu da Rumbun Mijinta

A Maje, kusa da Suleja, in aka ambaci Talatu matar Istifanus, tsofaffin mata sai su yi murmushi, tsofaffin maza kuma su kawar da kai. Duk a kan abu guda ne. Ita ce macen da ta hau rumbun mijinta da rana tsaka, da taɓarya a hannu da ciki a gaba. Har yau akwai masu kiran wannan rashin kunya. To, a saurari yadda aka yi tukuna, sannan a nemo mana mai rashin kunyar.

An haife ta a wani ƙauye cikin duwatsun kudancin Zariya. Ta ɗan taɓa makarantar mishan har ta iya karanta Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, daga nan aka ce gona ta fi bukatarta. Bayan aurenta da Istifanus, suka biyo sawun yayansa Tanko, wanda ya riga su zuwa wannan ƙasa ya sami gona a hannun Gwarawan Maje. Lokacin garin Suleja ma Abuja ake ce masa, gwamnati ba ta ɗauke sunan ba tukuna. Istifanus mutum ne shiru-shiru, ba ya duka, ba ya sha ya yi tatul. Aibinsa ɗaya, in ya faɗi magana, ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Sun zo da tukwanensu da fartanyoyinsu, sun kuma zo da al'adar garinsu. A wurinsu babban rumbu na namiji ne, mace ba ta hawansa, ba ta leƙa cikinsa. Wai duk macen da ta ga gindin rumbun mijinta ta gama ganin asirinsa, raini ya shigo ke nan, albarka kuma ta fita. Ku ji fa. Da ita ake shuka, da ita ake noman fari da maimai, a kanta ake ɗauko dammunan daga gona har wuyanta ya sage. Amma da zarar dawa ta shiga rumbu, sai idonta ya zama annoba.

A kakar 1977 aka yi abin. Maganar sabon babban birni ta cika ko'ina, kamfanonin titi suna ɗibar leburori, kowane namiji ƙafarsa na ƙaiƙayi. Istifanus ya ji cewa wani kamfani can wajen Lokoja yana ɗaukar mutane, wanda ya makara kuwa sai dai ya ji labari. Burinsa kwanon rufi. Ya gaji da ɗakin ciyawa da ke yoyo a kan yara duk damina.

Dawarsa ta yi kyau a shekarar, sai dai ba ta gama bushewa ba. Haka ya yanke ta. Tana jibge a gona wani ɓataccen ruwan ƙarshe ya sauka a kanta. Ko shanya ta kirki ba a yi ba ya fara jida. Bai share guntun tsohuwar dawar bara da ke ƙasan rumbun ba, bai turara cikinsa da hayaƙi ba kamar yadda ya saba, toka ma ɗan barbaɗawa ya yi don kada a ce bai yi ba.

Talatu tana miƙa masa dami yana bisa tsani, ta ji sanyin zangarniyar a tafin hannunta.

"Maigida, da an bar ta ta ƙara shan rana."

"Ranar ce za ta riƙe mini gurbi a kamfani? Miƙo."

Ta miƙa. Ya liƙe bakin rumbun da laka, ya kifa masa jinka. Ya ware mata abin da zai kai su bikin Ista a ɗaki, ita da 'yan samarinta biyu da ke firamare da ƙaramarsu Dokas, wadda aka yaye da wuri saboda sabon ciki. Babban rumbu kuwa na damina ne, lokacin da hatsi ke ɓuya a kasuwa. Ya ɗauki tsanin ya kai gidan Tanko, ya ce kada a taɓa sai ya dawo. Ya hau mota a Madalla ya tafi.

Kaji ne suka fara tona zancen. Bayan Kirsimeti sai ta ga sun bar bakin turmi, inda suka saba kiwo, sun koma ƙarƙashin rumbu suna tsattsaga tun safe. Ta durƙusa ta leƙa tsakanin duwatsun da rumbun ke zaune a kai. Wani lallausan gari ja-ja na zubowa ta wata 'yar tsaga, ga ƙananan ƙwari baƙaƙe suna yawo a ciki. Ta dafa bangon da sassafe, lokacin da kowane bango ke da sanyi, ta ji shi da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Da rana ta take, gida ya yi tsit, ta kanga kunnenta. Can ciki wani sauti ne siriri, kamar yayyafi a kan busasshen ganye, ba ya tsayawa. Abincin shekara ake ci, tana tsaye tana saurare.

Na ɗakin ma daga tuli ɗaya aka ɗebo shi, don haka bai tsira ba. Ranar da ta kai niƙa cikin gari wurin Morenike, Bayarabiyar nan mai inji, matar ta tsoma hannu a kwanon ta yamutsa fuska.

"Mama Dokas, dawa ka kawo ni ko rariya? Duba, kowane ɗaya da taga."

"Niƙa mini kawai, Iya. Rana na yi."

"Zan niƙa, ai ba ni zan ci ba." Ta watsa ɗan kaɗan a bokitin ruwan da take sanyaya inji. Fiye da rabi ya taso sama yana yawo. "Ka gani? Ƙwaro ya ci nama, ya bar maka riga. Shi ma wayo gare shi, idon ƙwaya yake fara ci, wurin da mai yake. Wannan ko buhu yaro ya sha, iska ya sha."

Ta leƙa bayan Talatu, ta ɗaga ɗankwalin da aka rufa wa Dokas. Wasan ya bar fuskarta.

"Yaushe gashinsa ya koma ja haka?"

Talatu ta mayar da ɗankwalin. Ta daɗe da gani. Gashin yarinyar ya yi laushi ya yi ja kamar gemun masara, kumatunta sun cika, amma ba cikar ƙiba ba. Kunun garin nan ba ya kauri, ɗaci gare shi, in an ɗura mata sai ta kawar da kai. A ɗakin shan magani likita ya ce a riƙa ba ta ƙwai da gyaɗa da kifi da nama. Faɗa ba wuya. Gyaɗar Talatu ta ƙare tun Kirsimeti, abin da ta saba yi shi ne ta ɗebi dawa ta kai kasuwa ta musanya. Ta kai. Masu awo suka murza, suka busa, suka tura mata kwanonta. Wadda ta ji tausayinta ta taya kamar dusa.

Sai ta nufi gidan Tanko. Ta same shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar gatari. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, sannan ta faɗi abin da ta gani da abin da ta ji.

"Kin ji da kunnenki?" in ji shi. "Ashe rumbu ma ya fara yi wa mata magana."

"Yaya, zo ka dafa da hannunka. Gani ya kori ji."

"Kowane rumbu da ƙwaronsa, Talatu. Shi ma Allah ya halicce shi da rabonsa."

"Wannan ba rabo yake ci ba, gado yake rabawa. Ban ce ni zan hau ba. Kai ka hau, kai ne babba."

Ya ajiye gatarin. Ba mugu ba ne Tanko, matsoraci ne, kuma sau da yawa ɓarnar matsoraci ta fi ta mugu. "In na buɗe, ƙanena ya dawo ya tarar da rumbu ya yi ƙasa, me za a ce? Za a ce ƙwaro ne? Cewa za a yi Tanko ya ci amanar ɗan'uwansa. Har garinmu sai zancen ya kai. Ke kuma a ce kin haɗa baki da ni kin sayar kin sayi atamfa. Wanda ya liƙe shi zai buɗe. Ki aika masa."

Ta aika. Onwuka, direban babbar motar da ke jigilar doya zuwa Lokoja, ya karɓi saƙon da baki. Da ya dawo ya ce ya tambaya har wurare biyu, kamfanin ya tashi da sansaninsa ya nausa daji, ba wanda ya san inda suka yada zango. Ta koma wurin Tanko, ya ce Ista ai ta kusa. Ta je wurin wani dattijon coci, ya buɗe mata ayar biyayya, ya ce ta yi haƙuri. Duk wanda ta je wurinsa haƙuri yake ba ta, kamar da haƙuri ake tuƙa tuwo.

Zafin bazara ya shigo. Rumbun ya fara wari, irin na dusar burkutu da ta kwana. Ta daina bi ta gefensa don kada ta ji sautin, amma ko tana rafi yana cikin kunnenta. Ta san abin da ke jiranta in ta hau. A garinsu ta taɓa ganin macen da aka mayar gidan ubanta a kan abin da bai kai wannan ba. Ina za ta da ciki da yara uku? Ta kuma san abin da ke jiransu in ba ta hau ba. Damina za ta sauka a kan rumbun ƙura.

Wata safiya tana yi wa Dokas wanka, ta riƙe ƙafarta don ta cuɗa. Da ta saki, sai ta ga gurbin babban yatsanta ya zauna a bayan ƙafar, ya lotsa kamar a cikin curin kamu, bai taso ba. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, kallonta kawai take. Talatu ta shafa mata mai, ta goya ta, ta gyara ɗamara a saman cikinta. Ta ɗauki taɓarya.

Tanko yana gindin mangwaronsa ta shigo. Wannan karon ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Sannu da hutawa, Yaya," ta wuce bayan ɗaki, ta kwance goyon ta miƙa wa matarsa, ta saɓa tsanin a kafaɗa.

"Ina za ki da shi?"

"Gida."

"Ajiye tsanin nan."

Ba ta waiwaya ba. Ya biyo ta ko takalmi babu, matarsa na biye da Dokas a hannu. Kafin su isa, maƙwabta sun fito, don mace mai ciki da tsani a kafaɗa ba abin da ake gani kullum ba ne. Ta jingina shi a jikin rumbun, ta gwada zamansa da ƙafa.

"Talatu," in ji Tanko, muryarsa ƙasa-ƙasa, "in kika taka tsanin nan, ki sani daga gidan nan kike sauka. Ba ni zan kore ki ba, kin san wanda zai yi."

"Na sani, Yaya."

"To me ya yi zafi?"

"Rumbun. Na ce ka dafa ka ƙi."

Wata tsohuwa daga cikin mutanen garinsu ta ce, "'Yar nan, ki ji tsoron bakin duniya." Talatu ta ce, "Kaka, bakin da ke cikin nan ya fi na duniya yawa."

Ta fara hawa. Tsanin na gwangwala ne, ya tsufa, kowane taki sai ya yi ƙara. Cikin ya hana ta manne wa bango, hannu ɗaya ne a tsani, ɗayan na riƙe da taɓarya. Ba wanda ya matso ya riƙe mata gindinsa, don riƙewa ma shiga laifin ne. Maza suka sunkuyar da kai, wai kada su ga abin kunya. Ta kai sama, ta ture jinkar da kafaɗa ta gangara ƙasa. Ta ɗaga taɓaryar ta doki lakar. Tsanin ya goce kaɗan, matar Tanko ta ja numfashi. Ta sake doka. A bugu na gaba murfin ya rufta ciki.

Wani hucin zafi ya bugi fuskarta, ƙananan fararen malam-buɗe-littafi suka tuttuɗo kamar hayaƙi, warin ya sauko har kan na ƙasa, suka toshe hanci. Ta yi tari har hawaye. Sannan ta zura hannu ta zaro zangarniya guda, ta jefa gaban Tanko. Da ta taɓa ƙasa sai ta tarwatse ta zama gari, ƙwari suka bazu a kan yatsun ƙafarsa.

Tanko ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Sauko," in ji shi.

"Sai an kwashe."

"Na ce ki sauko, kada ki faɗo da cikin ƙanena. Bakin rumbun nan ba zai ɗauke ki ba." Ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa matarsa, ya sa hannu biyu ya riƙe tsanin har ta sauko. Sannan ya hau ya shige ciki.

Wuni suka yi suna kwasa. Na sama ƙwaro ya gama da shi. Na tsakiya ya dunƙule ya yi baƙi da funfuna, sai da fartanya ake ɓamɓaro shi. Abin da ya rage mai kyau bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, shi ma da an kai Ista da ba a sami na baiwar kaji ba. Mata suka taya ta shanya shi a kan falalen dutse, rana ta gasa shi har ƙwarin suka gudu. Ta sussuka, ta shiƙe, ta gauraya da toka da busasshen barkono, ta ɗura a randuna ta liƙe. Baƙin kuwa wasu suka ce a wanke a ci, ai hatsi ba ya haramta. Ta haƙa rami ta binne. Aka ce ga rashin kunya ga almubazzaranci. Daga mai kyan ta ɗebi kaɗan ta kai kasuwa, wannan karon aka karɓa, ta dawo da gyaɗa da busasshen kifi.

Istifanus ya dawo ana jibi Ista. Tun a tashar Madalla aka tare shi da labari, kuma ba wanda ya fara da ƙwaro, da taɓarya aka fara. Ya shigo gida bai amsa sannu da zuwa ba. Ya zagaya rumbun, ya dubi bakinsa a buɗe, ya dubi randunan. Ta kawo ruwa ta durƙusa, bai karɓa ba.

"Kin tona mini asiri a gaban gari."

"Ƙwaro ya riga ni, Maigida."

"Da kin jira ni."

Ta tashi ta ɗauko Dokas ta ɗora masa a cinya. Kumburin ya fara saɓewa, abin da ya bari kuwa ƙashi ne da fata da jan gashi. Ya riƙe ta kamar wanda aka miƙa wa ƙwai. Ya san wanda ya zuba ɗanyar dawa a rumbu. Duk Maje an sani. Amma ba a taɓa zama a kan wannan ba.

A kan Talatu aka zauna. Dattawan garinsu suka taru a gidan Tanko bayan sujada, suka ce tun da an ga dalili ba za a kore ta ba, amma al'ada ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ta durƙusa ta roƙi gafara, ta kuma ba da akuya. Akuyarta guda ɗaya, wadda ta saya da kuɗin daddawarta. Aka yanka, ƙatti masu gemu suka zauna suka cinye nama har da romo, aka aiko wa yarinyar da likita ya ce a ba nama da ɗan guntun hanji. Wanda ya zuba, an ce ƙaddara ce. Wanda ya hana buɗewa, an ce riƙon amana ne. Wadda ta ceci abin da aka ci, ita ce ta durƙusa. In an tambaye ta daga baya, cewa take, "Gwiwa ai ba ta ƙarewa. Akuyar ce ta ba ni haushi."

Daminar nan sun sha wuya. Randunan suka kai su har masara ta fara nuna, amma da tuwo sau ɗaya a rana, da tafasa da rama ana cika ciki. Abin da Istifanus ya tara a bakin titi, mudu-mudu ya tafi wurin masu awo a lokacin da hatsi ya fi tsada, kwanon rufi kuwa ko falle ɗaya bai shigo gidan ba. Ɗakin ya ci gaba da yoyo. Jaririn da ta haifa ya zo ɗan mitsitsi, amma ya rayu. Dokas ma ta rayu, sai dai ta makara wurin tafiya, kuma har ta girma ba ta kamo tsawon sa'o'inta ba. Wannan ba a lissafa shi cikin asara, don ba a auna shi da mudu.

Talatu ta yi tsawon rai. Ta sayar da daddawa, ta sayar da kunu a bakin hanya lokacin da motocin Abuja suka yawaita, ta ga gonarsu ta zama fulotai, ta ga an rushe rumbun an yi shago a wurin. Har tsufanta ba ta wuce buhun hatsi, ko na waye, ba ta cusa hannu ta ji ko da ɗumi ba. Istifanus kuwa har ya koma ga Ubangiji bai taɓa buɗe baki ya ce ta yi daidai ba.

Abin da ya yi dai shi ne, a kakar da ta biyo baya ya bar dawa ta bushe har tana ƙara a hannu. Ya share rumbu tas, ya turara shi har idonsa ya yi ja, ya zuba, ya liƙe. Da ya sauko sai ya kakkaɓe hannu ya nufi ɗaki, tsanin na jingine a inda yake.

Talatu ta ce, "Maigida, an manta tsani. A kai gidan Yaya?"

Bai juyo ba. "Nauyi gare shi," in ji shi. "Bar shi nan."